Ƙurajen Da Suka Hana Ni Barci

Ina roƙon Edita ya ɗan ba ni fili a cikin wannan mujalla tamu, in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin wani abu da ya same ni bana, wanda na tabbata ya taɓa samun waɗansu daga cikinmu, sai dai kunya ta hana su faɗi. Maganar ƙuraje ce, da irin tsoron da su kan jefa a zuciyar saurayi ko budurwa, har mutum ya kwana yana tambayar kansa ko cutar ƙanjamau ce ta fara leƙowa.

Da aka rarraba mu koyon aikin koyarwa a tsakiyar watan Janairu, ni sai aka tura ni wata makarantar firamare a wani ƙauye da ke bakin kogin Jama'are, aka ba ni 'yan aji ɗaya. Ran 3 ga Fabrairu, ranar kasuwa ce, na zauna gaban wani wanzami ya yi mini aski. Yana cikin gyaran ƙeya sai askar ta ɗan yanke ni, jini ya ɗan fito, ya sa auduga ya danne, na biya na tashi. Na dai lura da askar nan ya yi wa wanda ya riga ni, iyakarta ya goga ta a tafin hannu, amma a ran nan ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Bayan kamar mako uku sai zazzaɓi ya kama ni, maƙogwaro kuma yana ciwo. Zazzaɓin na sauka sai ga ƙuraje ƙanana sun feso mini a wuyan hannu, da tsakanin yatsu, da ƙugu inda wando ya ke zama. Da dare ya yi na ɗauko waya na shiga intanet na rubuta abin da na ke ji, sai ga shi an jero mini: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje, mako biyu zuwa huɗu bayan ɗaukar ƙwayar HIV. Na ƙirga kwanakina tun daga ranar aski, na ga sun faɗa daidai. Gabana ya faɗi.

Kwana goma na yi ban gaya wa kowa ba. Abinci ya ƙi shiga, barci ya ƙaurace, sai kuma na ga wando ya fara yi mini yawa, na ce to, ga ramar ma ta zo. Ban tsaya na tuna ba cewa wanda bai ci ba dole ya rame. Shirin darasi kuwa na daina yinsa yadda ya kamata, har Hedimasta ya kira ni ofis ya tambaye ni ko an aiko mini da mugun labari ne daga gida.

Akwai dalilin da ya sa na gaskata fata haka. A makarantar mishan inda na yi firamare akwai wata tsohuwar Sista mai kula da ɗakin magani. Duk farkon zango sai ta jera mu, mu tuɓe riguna, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana duba baya da ƙirji. In ta ga tabon da ya fi sauran jiki haske, sai ta ce yaro ya rufe ido, ta shafa auduga a wurin, ta ce ya nuna inda aka taɓa. In ya ji, ta ce ƙyasbi ne, ta ba shi mai. In bai ji ba, sai a kai shi a duba ko kuturta ce. Wannan hanya ce da ta gada tun zamanin da mishan ke riƙe da asibitocin kutare, irin na Bayara kusa da Bauchi da na Yadakunya a Kano. Na tashi ina tsammani ko wace babbar cuta haka ta ke, watau tana rubuta sunanta a kan fata, mai ido ya karanta. Ga kuturta akwai gaskiya a ciki. Ga HIV kuwa sam ba haka ba ne, kuma kuskurena ke nan.

Ran 10 ga Maris na shiga mota zuwa Azare. Ga asibiti a Jama'are kusa da ni, amma na tsallake shi don kada in haɗu da idon sani. Da na isa kuwa, mutum na farko da ya gaishe ni a bakin ƙofa ɗan garinmu ne, ya kawo matarsa awo.

Malamin asibitin da na samu dattijo ne mai sanyin magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so a duba mini ƙurajen nan, ina tsoron ko ƙanjamau ce." Ya kama hannuna ya buɗa yatsu, ya tambaye ni yaushe ƙaiƙayi ya fi tsanani. Na ce da dare, har sai na sosa jini ya fito. Ya tambayi aikina, na faɗa masa. Ya ce, "Kana kama hannun yara in kana koya musu rubutu?" Na ce kullum. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, wannan ƙazuwa ce. Amma tun da ka zo da tsoro, ba za ka koma da shi ba. Fata ba ta iya gaya mini kana da HIV, ba ta kuma iya gaya mini ba ka da ita. Jini za mu tambaya." Sa'an nan ya yi mini waɗansu tambayoyi waɗanda ba su shafi wanzami ba, irin waɗanda mai karatu ya riga ya zata. Na amsa masa da gaskiya, amsar kuwa tsakanina da shi ce.

To, ga abin da na koya a ran nan da kuma bayanta.

Da fari sai mu rarrabe abu biyu da mu kan haɗa. HIV ita ce ƙwayar cutar. Ƙanjamau kuwa shi ne halin da mutum kan shiga can daga baya, bayan ƙwayar ta gama karya garkuwar jikinsa. A shekarar 1981 aka fara ba da labarin ciwon a Amurka, a 1983 masana a birnin Faris na ƙasar Faransa suka gano ƙwayar, a Nijeriya kuma a 1986 aka fara ba da sanarwar samunta. A lokacin ba magani, shi ya sa iyayenmu suka yi mata laƙabi da kabari kusa, tsoron da sunan nan ya shuka kuwa har yau bai gama fita daga zukata ba.

In ƙwayar ta shiga jiki, ta kan nufi waɗansu fararen ƙwayoyin jini da a ke kira CD4, waɗanda su ne masu shirya wa jiki yaƙi da cututtuka. Ta shiga cikinsu ta yi ta hayayyafa. A makonnin farko ta kan yi yawa ƙwarai a cikin jini, jiki kuma ya tashi tsaye yana faɗa da ita. Wannan faɗa shi ke kawo zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da kaluluwa a wuya ko hammata, da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci da gyambo a baki, da ƙuraje. Gaskiya ne abin kan zo tsakanin mako biyu zuwa huɗu, ya yi mako ɗaya ko biyu ya wuce da kansa. Kamar mutum biyu cikin uku ne su kan ji wani abu irin wannan, sauran ba su jin komai. Cikin masu ji ɗin ma ba kowa ke yin ƙuraje ba.

Ƙurajen wannan lokaci, in sun zo, yawanci sun fi fitowa a ƙirji da baya da wuya da fuska. Ƙanana ne, shimfiɗaɗɗu ko masu ɗan tudu kaɗan, ba su cika ƙaiƙayi ba, su kan biyo bayan zazzaɓi da kwana biyu ko uku, su ɓace cikin kamar mako guda. Hotunan da na yi ta kallo a waya duk na farar fata ne, inda su kan yi ja. A fata irin tamu sai dai wurin ya ƙara duhu, har ma mai su ya kasa lura. Amma kada wani ya ɗauki wannan siffa ya tafi gaban madubi yana yi wa kansa hukunci, gama cututtuka da yawa suna kawo irinsu, har da ƙwayoyin magani. Kama da wane ba ta wane.

Bayan wannan ɗan tashin hankali sai komai ya lafa. Mutum ya yi shekara takwas ko goma yana harkarsa, jiki sumul, ba ƙurji ko ɗaya, alhali ƙwayar tana nan tana cin garkuwarsa a hankali, yana kuma iya ba wani. Ni wannan ya fi ba ni tsoro yanzu. Mai ƙuraje ya kan damu har ya je asibiti, mai fata lafiyayya kuwa ba abin da zai tura shi. Sai garkuwa ta yi rauni sa'an nan fata ta kan fara magana sosai: ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannuwa da ƙafafu da su ke barin baƙin tabo su ƙi warkewa wata da watanni, ko ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi da kan fito gefe ɗaya na jiki kamar an ɗaura ɗamara, ko farin abu a kan harshe da cikin kumatu. Waɗannan ma ana samunsu ga wanda ba shi da HIV, sai dai duk wanda ya gan su a jikinsa lalle ya nemi gwaji.

Yanzu sai maganar gwajin, kuma a nan na ke so 'yan'uwa su natsu, don lissafi ne. Gwajin da aka fi yi a asibitocinmu shi ne a soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan wata 'yar takarda, a jira kamar minti 15 zuwa 20. Wannan gwaji ba ƙwayar cutar ya ke nema ba. Abin da ya ke nema shi ne makaman da jiki ya ƙera don yaƙi da ita. Misalinsa kamar baƙo ne ya shigo gari da asuba, bai ga ɓarawo ba, amma ya ga dogarai sun cika ƙofar fada da kulake, ya ce lalle an yi sata jiya. To, in ya shigo tun ɓarawo na cikin gida, kafin a yi kururuwa, zai tarad da gari shiru, ya ce lafiya lau. Haka jiki ya ke. Ya kan ɗauki kwana 23 zuwa 90 kafin makaman nan su yi yawan da gwajin yatsa zai gan su. Akwai gwajin da a ke ɗiban jini daga jijiya a kai ɗakin bincike, wanda kan gane daga kwana 18 zuwa 45. Akwai kuma mai neman ƙwayar kanta, daga kwana 10 zuwa 33, amma wannan sai manyan asibitoci.

Ma'anar wannan ita ce, a daidai kwanakin da ƙurajen farko kan fito, gwajin yatsa yana iya cewa babu alhali akwai. Ni ranar da na je kwanana 35 da yanka. Sakamako ya fito layi ɗaya, watau ba a ga komai ba. Na yi ajiyar zuciya zan tashi, sai dattijon nan ya ce in zauna. Ya jawo kalanda, muka ƙirga tare tun daga 3 ga Fabrairu har kwana 90, ya faɗa ran 4 ga Mayu, ya rubuta mini a bayan kati ya ce in komo. In kuwa gwajin farko ya nuna layi biyu, ba a yanke magana da shi kaɗai, sai an sake da wani iri dabam ya tabbatar.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan gaggawa, wanda ban taɓa ji ba sai ran nan. Wanda ya san ya shiga haɗari, ko ta saduwa ba kariya, ko fyaɗe, ko allurar da aka yi wa wani ta soke shi, kada ya zauna jiran ƙuraje. In ya isa asibiti kafin awa 72, watau kwana uku, akwai maganin da za a ba shi ya sha kwana 28, wanda kan hana ƙwayar kama jiki. Gwargwadon saurin zuwa, gwargwadon amfaninsa. Kafin ƙurji ya fito wannan ƙofa ta daɗe da rufewa. Ina roƙon 'yan'uwanmu mata musamman su riƙe wannan lamba ta 72, su kuma gaya wa ƙannensu.

Game da aska, ya ce mini ba a cewa babu haɗari sam, amma kaɗan ne ƙwarai, domin ƙwayar HIV ba ta daɗewa da rai in jini ya bushe a waje. Hanyarta mafi girma ita ce saduwa tsakanin namiji da mace, sa'an nan daga uwa zuwa ɗa lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa, da ƙarin jinin da ba a gwada ba, da allura ɗaya ga mutum da yawa. Sauro ba ya ɗaukarta, haka musafaha, da cin tuwo a kwano ɗaya, da buta, da masai. Abin da ya fi kamata a ji tsoro a bakin aska, in ji shi, ƙwayar ciwon hanta ce mai lamba B, wadda kan yi har mako guda da rai a kan ƙarfe, kuma ta fi HIV saurin kamu nesa ba kusa ba. Tana da allurar rigakafi, wadda aka sa cikin alluran jarirai a ƙasar nan tun 2004, amma da yawa daga cikinmu ba mu samu ba. Ya gwada ni ita ma, ya ce in fara allurar. Ba na cewa a guji wanzamai, sana'arsu ce ta gado kuma muna bukatarsu. Reza sabuwa dai ba ta da tsada, sai mutum ya tafi da tasa.

Ƙazuwar tawa kuwa, ashe wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani sosai, mai haƙa rami a cikin fata ya yi ƙwai. Wanda bai taɓa yi ba ya kan yi mako huɗu zuwa shida da ɗauka kafin ƙaiƙayi ya fara, kun ga ke nan tun makon da na fara kama hannun yara na ɗauka, ta zo ta fito daidai lokacin da zai ruɗe ni. Zazzaɓin da maƙogwaron kuwa mura ce ta ƙurar hunturu. Aka ba ni wani farin ruwan magani in shafa tun daga wuya har tafin ƙafa, in wanke tufafi da ruwan zafi, in shanya katifa a rana, wanda mu ke kwana ɗaki ɗaya shi ma ya shafa a rana guda ko da bai fara susa ba. An kuma gargaɗe ni ƙaiƙayin zai iya ƙara mako biyu ko fi bayan ƙwaron ya mutu, kada in ce magani bai yi ba.

In muka duba, a ƙasa irin tamu ta Katagum abin da ke kawo ƙuraje ba ya ƙirguwa: ƙurajen zufa da bazara, makero, ƙyasbi, kuɗin cizo, borin jini, ƙarambau, da man bilicin da waɗansu ke shafawa. Biyu kawai zan ja kunne a kansu. Ƙurajen da suka fito har tafin hannu da tafin ƙafa, ba ƙaiƙayi, suna iya zama tunjere, wanda shi ma ta saduwa a ke ɗauka, kuma allura tana warkar da shi sarai. Wanda kuma ya sha wani magani, irin su Septrin ko Fansidar, sa'an nan ya ga ƙuraje tare da saɓulewar leɓe da jan ido, ya daina shan maganin ya tafi asibiti a ran nan, kada ya kwana.

Na tambayi dattijon nan, to da layi biyu ya fito fa? Ya ce da a ran nan za a fara shirya mini magani. Yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, kyauta kuma a asibitocin gwamnati tun 2006. Ba ta kashe cutar ƙurmus, sai an riƙa sha har iyakar rai, amma mai sha kullum ba fashi, cikin kamar wata shida ƙwayar kan ragu a jininsa har awo ya kasa ganinta. Wanda ya kai haka ya kuma dawwama a kai, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa, mace kuma ta kan haifi ɗanta lafiya in ta bi awo. Binciken da aka yi a ƙasa duka a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa cikin Maris 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ita, jimla wajen mutum miliyan 1.9. A cikinsu akwai malamai da 'yan kasuwa da manoma da su ke aikinsu ba wanda ya sani. A nan Jihar Bauchi hukumar BACATMA ce ke lura da wannan aiki. Akwai kuma dokar ƙasa ta 2014 da ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta, ko a tona asirinsa, saboda yana ɗauke da ƙwayar.

Wannan doka ta shafe mu, mu da za mu riƙe aji gobe. Na taɓa ji da kunnena a ɗakin kwana ana nuna wani ɗalibi da baki, wai dubi wuyansa, dubi yadda ya zube, lalle ya kwaso. Ni ma na yi dariya a lokacin. Da abin ya zo kaina na gane ba ciwon na fi tsoro ba, bakin mutane na fi tsoro, shi ya sa na ɓata kwana goma, na kuma tsallake asibitin da ke kusa. Malamin da ya ga yaro da ƙuraje, aikinsa ya kira uban yaron a gefe ya ce a kai shi asibiti. Ba aikinsa ba ne ya raɗa wa ciwon suna, balle a gaban aji.

Da na koma ƙauye na gaya wa Hedimasta maganar ƙazuwa, muka duba hannuwan 'yan ajina, muka sami da dama suna da ita. Aka aika wa iyaye, malamin asibitin ƙauyen ya zo da magani, ran Asabar kuwa ko wane danga ka duba tabarmi ne da tsummoki a shanye.

Ran 4 ga Mayu na cika alkawari, amma wannan karo a Jama'are na yi, da rana tsaka, abokaina biyu suka raka ni, da muka isa su ma suka miƙa yatsunsu. Nawa ya sake fitowa layi ɗaya. Nasu kuwa ban tambaya ba, don ɗaya bayan ɗaya aka kira mu ciki. Saura allurar hanta ta uku, an rubuta mini ita cikin watan Satumba.